Yamai ta yaɗu, dandalinta bai bi ta ba

Wanda duk ya ɗauki taswirar Yamai ya ɗiga alama a kan kowane gini da hukuma ta yi domin al'adu, zai ga alamun sun taru wuri guda. Gidan tarihi na Boubou Hama, da cibiyar da ke fuskantarsa wadda a da ake kira CCFN Jean Rouch, wato cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, da zauren Palais des Congrès, da na Mahatma Gandhi, duk mai ƙafa yana iya zagaye su tsakanin la'asar da magariba ba tare da ya yi nisa da gadar Kennedy ba. In ya ƙara gaba wajen kasuwar Wadata sai ya tarar da CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Sai gidan matasa na Djado Sékou, da cibiyar koyon kiɗa ta Elhadji Taya, da filin kokowa. Ban da ƴan wuraren masu zaman kansu, kusan nan lissafi ya tsaya.

Mutanen Yamai kuwa ba nan suke kwana ba. Suna Koira Tegui da Bobiel da Banifandou, suna Talladjé da Aéroport da Niamey 2000, suna Saga, suna ƙetaren kogi a Kirkissoye da Banga Bana. Wannan tazara ita ce lamarin da za a duba a nan: yadda ta samu, wa take hanawa, da abin da hukumar birni ke iya yi a kanta.

Yadda aka faro

Turawan Faransa sun dawo da hedkwatar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Tsarin da suka zana ya raba garin biyu, Plateau na Turawa da ofisoshinsu, sai garin ƴan ƙasa a ɗaya gefen, kwarin Gounti Yena a tsakani. Da aka samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai kimanin dubu 30 ne. Saboda haka lokacin da aka buɗe gidan tarihi a 1959, aka kafa cibiyar Faransa da Nijar a 1963, babu wanda za a ce ya yi nisa da su. Garin duka bai wuce tafiyar ƙafa ba.

Gidan tarihin ya cancanci a tsaya a kansa, domin har gobe shi ne ginin hukuma da ɗan talaka ya fi shiga ba tare da ɗar-ɗar ba. Boubou Hama da Pablo Toucet, shugaban wurin na farko, ba su yi shi ɗaki guda mai kwalabe da rubutu ba. Fili ne mai faɗi, da namun daji, da bukkokin ƙabilu, da maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban kowa, da ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da aka haƙo a arewacin ƙasar, da busasshen iccen Tenere. Ranar salla ka je ka gani: yara ne cikin sababbin kaya, ƙanana riƙe da hannun yayyensu, sun fito daga kowace kusurwa ta gari da kuɗin barka da salla a aljihu. Da rana ake shiga, a sarari yake, kuma ba sai ka iya karatu ba. Waɗannan abubuwa su ne sirrinsa, kuma sauran gine-ginen ba su gaje su ba.

CCOG ta zo ne a zamanin Seyni Kountché, aka sa mata sunan Oumarou Ganda, mai shirya fim ɗin da ya ci babbar lambar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a 1972, ya rasu a farkon 1981. Dandalinta na sarari yana ɗaukar dubban mutane, kuma a lokacin an yi ta ne a ɓangaren talakawa, nesa da Plateau. Sai dai ƙidayar 1977 ta samu mutum kimanin dubu 230 a Yamai. A 1988 sun kusa dubu 400, a 2001 sun kai wajen dubu 700, a 2012 sun haura miliyan ɗaya. Wurin da yake kusa da bakin gari ya wayi gari a tsakiya, kuma ba a yi masa ƙanne a sababbin unguwanni ba.

Zamanin samariya

Dattawan Boukoki ko Kalley in ana hirar nan ba gini suke tunawa ba, samariya suke tunawa. Bayan Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974, gwamnatinsa ta ɗauki tsohon tsarin sarkin samari na ƙasar Hausa ta shimfiɗa shi ko'ina cikin ƙasa. Kowace unguwa da samariyarta, da filinta, da makaɗanta, da ƴan rawa da ƴan teyatur. Ana gasa daga unguwa zuwa gari, daga gari zuwa jiha, har a haɗu a bikin matasa na ƙasa, wanda yake zagayawa daga wannan babban gari zuwa wancan, kuma inda duk ya sauka sai ya bar filin wasa ko gidan matasa. Da Hausa da Zabarmanci ake wasannin. Abin da Yazi Dogo da abokansa suka yi a rediyo da talabijin cikin wannan yanayi ya bunƙasa, mai kallo yana ganin maigidansa da kishiyarta da ma'aikacin da ya ci masa hanci a kan dandali.

Ba za a ɓoye ɗaya fuskar ba. Samariya hannun mulkin soja ce. Ita ke tara jama'a tarbar shugaba, ita ke rera abin da ake so a rera, kuma akwai maganar da ba ta hawa dandali. Shi ya sa da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi babban taron ƙasa na 1991, ba wanda ya tsaya kare ta. Amma an zubar da ita tare da abu guda mai amfani da take ɗauke da shi: yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba tana da wurin da za ta je a unguwarsu ta koyi rawa ko waƙa, ba a tambaye ta ko dala ba. Bayan haka aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Gidajen silima irin su Vox da Jangorzo suka mutu ɗaya bayan ɗaya, bidiyo ya ƙarasa su. Tun daga nan babu wani tsari na hukuma da ya sake sauka har cikin unguwa.

Gini domin baƙi

Sau biyu Yamai ta ga kuɗi masu kauri sun shiga gyaran gari, kuma duka biyun baƙi ake jira. Na farko wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci ne a Disamban 2005, na biyu taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yulin 2019. Na biyun ya zo a ƙarƙashin shirin Niamey Nyala na shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou: gadojin sama, manyan otal-otal, sabon filin jirgi, da zauren Mahatma Gandhi da Indiya ta gina. Garin ya yi kyau, babu musu. Amma zauren da aka yi domin shugabannin ƙasashe, mai sanyi da kafet da jami'an tsaro a ƙofa, ba wurin da ƙungiyar teyatur ta Talladjé za ta nemi aro ba ne. Kuɗin hayarsa na dare ɗaya ma ba sa cikin mafarkinta.

A cikin wannan gyaran ne, daga 2016, aka rusa rumfuna da kantunan bakin manyan tituna. An ɗauki abin a matsayin maganar tsafta da kasuwanci. Sai dai a irin waɗannan rumfuna ne ake tura wa mutane waƙa da fim a waya, a nan mai shayi ke kunna rediyo jama'a su taru, a nan ake liƙa sanarwar wasa. Babu takardar hukuma da ta ƙirga su cikin wuraren al'adu, don haka babu wanda ya rubuta cewa an rasa wani abu.

Kuɗin dare ɗaya

Mu ɗauki wata uwa a Koira Tegui. Ƴarta da ɗanta sun ji a rediyo za a yi wasa a CCOG, kuma shiga kyauta ne. Daga ƙofar gidanta zuwa bakin kwalta tafiya ce cikin rairayi. Taksi ba zai kai ta Wadata a kurs ɗaya ba, wato kuɗin hawa ɗaya, ko ta sauka a hanya ta canja, ko direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, kurs biyu ne fa." Ko da an ƙaddara kurs ɗaya sefa 200 ne, dala 40 ke nan, mutum guda zuwa da dawowa ya ci 800, su uku 2,400. Mafi ƙarancin albashi a doka sefa 42,000 ne a wata tun 2024, wato 1,400 a yini, kuma yawancin maƙwabtanta ba su ma san albashi ba. Faba-faba, ƙaramar bas ta haya, ta fi sauƙi, amma ba a dogara da ita in dare ya yi. Wasa kuma ba ya farawa sai bayan isha'i, ya tashi wajen sha ɗaya. Wasan kyauta ya tashi a kuɗin aikin kusan yini biyu, ba a sayi ko ruwan leda ba.

Kuɗin ma ba su ne ƙarshe ba. Sai maigida ya yarda. In ya yarda, akwai bakin maƙwabta, waɗanda za su ga mace ta dawo da budurwar ƴa a kan kabu-kabu tsakar dare. Yaron shi kaɗai zai iya sulalewa da abokansa ya je ya dawo, a yi masa faɗa da safe a wuce wurin. Yarinyar ba ta da wannan hanya. Duk tsarin da ya ajiye al'adu a tsakiyar gari kuma cikin dare, ya riga ya zaɓi maza matasa, ko da bai faɗa ba. Makaho da gurgu, waɗanda Koira Tegui ta tara da yawansu, ba a ma kai ga maganarsu ba.

Akwai kuma shingen da ba a gani. Sanarwa da Faransanci ake rubuta ta. Littattafan ɗakunan karatu mafi yawansu da Faransanci suke, a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba. Wanda ya yi allo ya sauke, yana karanta ajami kamar ruwa, in ya shiga ɗakin karatu na tsakiyar gari sai ya zama kamar bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ga ƙofa da mai gadi, ga masu shiga da takalma sau-ciki da jakar kwamfuta. Ba a kore shi ba, amma ya gane ba shi ake jira ba.

Abin da unguwa ta yi wa kanta

Kada a ɗauka mutanen gefen gari suna zaune ne jugum. Shiga kowace unguwa da yamma za ka ga gidan kallo: katangar zana ko kwano, bencina a jere, injin wuta na kuka a baya saboda wutar kamfanin lantarki na Nigelec ba ta da tabbas, da baƙin allo a ƙofa an rubuta da alli wasan Barça da Real ƙarfe kaza, kafin nan fim ɗin Kano ko na Indiya mai fassarar Hausa. Da ƴan daloli ake shiga. Gaba kaɗan ga fada, samari a kan tabarma, buta a kan gawayi, sunan fadar an rubuta a bango da fenti. Fadojin nan sun yawaita ne daidai lokacin da samariya ta mutu aiki kuma ya yi wuya, kuma cikin wannan zama ne rap ɗin Nijar ya yi ƙarfi a ƙarshen shekarun 1990, irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass-Wong, suna cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

Mata nasu dandalin biki ne. A toshe layi da tanti, a jera kujerun roba, a kawo makaɗa ko mai amsa-kuwwa, ƙungiyar adashe ta fito da anko. Makaɗa da yawa a Yamai da liƙin biki suke ci da iyalinsu. Sai tarukan addini, waɗanda suka fi kowane wasa tara jama'a: wa'azin dare, musabaƙar Alƙur'ani, waƙoƙin bege a watan Mauludi. Masu tsara manufar al'adu ba kasafai suke sa waɗannan a lissafi ba, malamai da yawa kuma ba sa son a kira su al'ada. Zanga-zangar da aka yi a Yamai da Maraɗi a Nuwamban 2000 kan bikin nunin tufafi na FIMA ta nuna zurfin ramin da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Duk wanda zai kafa dandali a unguwa bai zauna da liman ba, ya shirya kwashe kayansa.

To, in haka ne ina matsalar? Wani zai ce kowa ya samu abin da yake so, a bar mutane su sarara. Ni ban yarda ba. Abin da unguwa ta yi wa kanta kallo ne da sauraro, koyo ya yi ƙaranci a cikinsa. Babu ɗakin da za a yi atisaye, babu inda za a ajiye ganga ko gurmi, babu littafi. Fada da gidan kallo na maza ne. Kuma duk a kan aro suke zaune: ranar da mai fili ya kawo bulo, gidan kallo ya tashi. Yaron Plateau da na Kouara Kano yana da gidan kallon in yana so, yana kuma da ɗakin karatu da malamin jita da intanet a gida. Na Tondigamey ɗaya kawai yake da shi.

Ta wajen masu fasahar ma haka abin yake. Cibiyar Elhadji Taya, wadda aka kafa a 1989 da tallafin Turai, ta horar da makaɗa masu yawa, ta kuma tara kayan kiɗan gargajiya. A can marigayi Malam Maman Barka ya yi aiki, shi da ya je bakin tafkin Chadi ya koyo kiɗan biram daga tsohon da ya rage da shi. Amma gida ɗaya ne a babban birni. Ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, yana nan tun 1995, sai dai waƙa ta koma yawo daga waya zuwa waya, kuma mawaƙiyar biki da ba ta iya cike takarda da Faransanci ba da wuya ta san ƙofarsa.

Kokowa ta nuna ana iyawa

Akwai abu ɗaya da hukuma ke shiryawa wanda minista da mai turin kura suke kallo da zuciya ɗaya. Gasar kokowa ta takobin ƙasa ta fara ne a Tawa a 1975, kuma tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha ta kawo ƴan kokowa 10. Kwanakin nan aiki yana tsayawa. Mai taksi ya ƙure rediyo, ofisoshi su koma gaban talabijin, masu sharhi suna zuba Hausa da Zabarmanci. A fage ga makaɗa, ga ƴan cali-cali suna kwaikwayon ƴan kokowa jama'a na dariya, ga ƙato ya fito da layu da guraye yana kirari. Yaro a Saga ya san Issaka Issaka na Doso kamar yayansa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kokowa daga ƙasa take tasowa, domin zakara sai ya kayar da na ƙauyensu da na gundumarsu kafin ya wakilci jiha. Ita ke zuwa wurin mutane, ba ta zauna a Yamai ta ce a zo ba. Harshenta na kowa ne, kuma rediyo na kai ta inda ƙafa ba ta kai. Iyakarta ita ce sau ɗaya ake yi a shekara, kuma maza ne a cikin fage. Amma darasin tsarinta yana nan ga mai son ɗauka.

Meri da maganar fili

A kan takarda Nijar ba ta rasa manufa ba. Akwai dokar 2009 da ta shata alƙiblar al'adu, a 2016 kuma har ma'aikata guda aka kafa da sunan farfaɗo da al'adu. Amma manyan gine-ginen da aka lissafa a sama na gwamnatin ƙasa ne, ba na birni ba. Da aka zo miƙa wa ƙananan hukumomi iko da kuɗi a 2016, fannoni huɗu aka fara da su: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Al'adu ba ta ciki. Meri, wato hukumar birnin Yamai, da gundumominta biyar suna fama da shara da magudanan ruwa da harajin kasuwa, abin da ya rage wa al'adu yakan ƙare ne a bukukuwan ranaku.

Ga kuma rashin zama. An zaɓi Oumarou Dogari magajin gari a 2011 aka tsige shi a 2013. Assane Seydou da ya gaje shi an tsige shi a 2017, aka naɗa kwamitin riƙo. Dogari ya dawo a 2021, sai a Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi duka suka naɗa masu riƙo. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujera ba kwalta yake yi, domin ana ganinta cikin wata uku. Ɗakin karatun unguwa sai bayan shekara goma ake ganin amfaninsa.

Sai dai akwai makamin da ke hannun birni wanda ya fi kasafin kuɗi muhimmanci, shi ne fili. Duk lokacin da aka yanka sabuwar unguwa, tsari ya tanadi a ware wuraren amfanin jama'a. Kukan da mazauna Yamai suka daɗe suna yi shi ne waɗannan wurare sukan narke: yau fili ne yara na ƙwallo, gobe an kafa duwatsun iyaka, jibi katanga ta tashi. Sayar da filaye ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin meri, a farkon shekarun 2000 kuma gwamnati da kanta ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da garin tun 1965 ma bai tsira ba, ana ta gutsurarsa. Yanzu gine-gine sun tsallake iyakar birnin sun shiga ƙasar Liboré da Karma da Hamdallaye, inda mazauna ke aiki a Yamai amma merin da ke kansu ta ƙauye ce. Unguwar da aka cike ta da gidaje ba a bar mata fili ba, ko an samu kuɗin gina dandali daga baya babu inda za a aza shi.

Bayan 26 ga Yulin 2023

Juyin mulkin da sojoji suka yi a wannan rana ya taɓa fagen al'adu ta hanyoyin da ba a zata ba. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024, cibiyar Jean Rouch ta koma hannun Nijar ita kaɗai, a Oktoban 2024 kuma aka sa mata sunan Moustapha Alassane, gwanin fim ɗin zane da ya daɗe zaune a Tawa ya rasu a 2015. Shekara da shekaru wannan gida ne ke da dandali mai fitilu da na'urorin sauti na kirki, da babban ɗakin karatu, da hanyar fita waje ga ƴan rawa da ƴan teyatur, kuma kaso mai yawa na kuɗin daga waje yake zuwa. Wannan kansa rashin daidaito ne, domin mai jin Faransanci da ya san yadda ake rubuta takardar neman tallafi shi ke gaba. Yanzu kuɗin wuta da albashi da sababbin littattafai sun dawo wuyan ƴan ƙasa, kuma a nan za a gane ko sauyin ya wuce allon ƙofa.

A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mu masu jin Hausa abin ya yi mana daɗi, ba sai an faɗa ba. Amma Yamai gari ne da Zabarmanci ke da tushe a cikinsa, ga Fulatanci a ƙetaren kogi, ga Buzaye da Gurmawa. In aka cire shingen Faransanci aka kafa na Hausa a gurbinsa, tsohuwar Goudel ko ta Lamordé ba ta ci ribar komai ba.

Abu na uku ya fi ba ni tunani. A watannin da aka yi zaman dirshan a shataletalen Escadrille ana neman ficewar sojojin Faransa, dandali da amsa-kuwwa da fitilu sun bayyana a gabashin gari, kusa da Talladjé da Aéroport, mawaƙa suna hawa dare bayan dare, mata da yara a wurin. Ashe kai dandali gefen gari ba gagara ya yi ba. Sai dai murya ɗaya ce ke tashi a kansa, kamar zamanin samariya, kuma da buƙatar ta wuce aka kwashe kaya.

Farfajiyar makaranta

Akwai fili ɗaya da kusan kowace unguwa take da shi, wanda mai yankan filaye bai cika iya haɗiyewa ba, kuma yana cikin fannonin da aka miƙa wa ƙananan hukumomi a 2016: makarantar firamare. Da yamma babu kowa a farfajiyarta, haka Asabar da Lahadi. Tafiyar ƙafa ce daga gida, kuma babu maigidan da zai ce bai san wurin ba. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kilomita guda na kwalta ba: fitilu masu aiki da hasken rana, rumfa, akwatin littattafan Hausa da Zabarmanci da ajami da Faransanci, da mutum ɗaya da ake biya duk wata ya buɗe ya rufe. Tsakanin la'asar da magariba a bar wa mata da ƴan mata. Masu silimar tafi-da-gidanka ta CNA sun daɗe suna kafa farin ƙyalle a ƙauyuka da unguwannin Nijar, sun san yadda ake yi. A Dandaji ta jihar Tawa kuma an mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu a 2018, sabon masallaci a gefensa, aikin Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, liman da littafi suna harabar guda.

Wahalhalun ma a fili suke. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, lokacin da makarantu ke zama mafakar waɗanda ambaliya ta kora, kamar yadda aka gani a 2020 da 2024, don haka watannin sanyi ne na aiki. Makarantu da yawa a gefen gari azuzuwan zana ne, kuma tun gobarar Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas, wadda ta ci ran yara kimanin 20, babu shugaban makarantar da zai yarda a jawo waya ko a hura gawayi kusa da aji, kuma yana da gaskiya. Zai kuma tambayi wanda zai biya in benci ya ɓace. Samarin fada in suka je wurin mai unguwa suka ce, "Baba, a ba mu aron farfajiya ranar Asabar," amsar da za su samu ita ce, "Ƴaƴana, ba ni ke da makulli ba." Shugaban makaranta zai tura su wurin kwamitin iyaye, kwamiti ya tura su gunduma, gunduma ta ce a kawo takarda. Har sai meri ta fitar da umarni guda a rubuce da ya faɗi ranakun da farfajiya ke buɗe, da wanda ke ɗaukar alhakin kaya, ta kuma sa kuɗin mai gadi a kasafinta na shekara, kowace ƙungiya sai ta bi wannan zagaye daga farko, kuma galibinsu a mataki na biyu suke gajiya.